Rabin Gilashi

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ya tarin ƙaramar?

Ka ce in aiko maka hoton mahaifiyarka tunda aiki ya riƙe ka, wai ko da waya ne. Allah Ya sawwaƙe. Ban ƙare rayuwata ina ɗaukar matan mutane da kyamara ba, sannan in ɗauki tawa da abin kira. Na kakkaɓe babbar nan mai ƙafa uku, wadda kake ce wa kakarka.

Sai dai jikin nata ya wuce yadda ƙanwarka ke faɗa maka. Ba ta gane ni yanzu. Da na matso sai ta ƙanƙame hannun kujera, ta ce a fitar mata da baƙon nan. In ba na kusa kuwa, fuskarta na nan yadda ka san ta.

Gilashin kyamarar biyu ne a haɗe. In aka kwance na gaba aka bar na baya shi kaɗai, yana jawo abu daga nesa. Daga ƙofar kicin zan gwada. Fim biyu suka rage mini, mai sayar da shi kuma ya daɗe da rufe shago.

Allah Ya yi muku albarka.
Mahaifinka

Ɗana,

Ina gaishe ku. Na ji ƙaramar ta warware, alhamdu lillahi.

Na gwada. Rabin gilashi ba ya son tsoho. Na ja zugazugin kyamarar har ƙarshe, kamar zai yage, haske kuma ya ragu. Ƙa'idarsa, in ka tsuke ƙofar haske sai ka sake saiti, don yana gocewa. Ni na koya wa wasu wannan. Amma da na shiga cikin baƙin ƙyallen da muke lulluɓa don saiti, duhu kawai na gani, idona ya gama aikinsa. Na wanke fim na farko, labulen bayanta ya fito har zare, ita kuwa kamar hayaƙi.

Washegari na sa na biyun, sai ta hango ni. Na ce shi ke nan, za ta yi ihu. Ai kuwa sai ta gyara ɗankwali, ta miƙe zaune, ta yi murmushin nan. Ta ce, “Mai hoto, ka ɗauke ni da kyau. Mijina zan ba.”

Ɗana, sai na bugi ƙafar kyamarar ina cikin ɗauka. Ko labulen bai fito ba. Na yi kuka, ban ɓoye maka ba.

Ba ni da hoton da zan aiko maka, ka yi haƙuri. Ita ma ba ni da wanda zan ba ta. Komai take mantawa ban da wannan. Kullum da safe sai ta tambayi ƙanwarka ko mai hoto ya kawo, don mijinta yana jira. Ina jin ta daga kicin.

Ka sa mu a addu'a.
Mahaifinka