Tayar Kekena Ta Fashe a Ɗakin Aminina

Malama Uwani, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya min a rai.

Ni manomin albasa ne a Dingyaɗi. Da bazara na tafi Shagari jinyar mahaifiyata, na bar wa aminina Bawa ajiyar kekena. Tare muka yi karatun allo da shi. Kafin in tafi na buga wa tayoyin iska suka yi tam, don kada su sace kafin in dawo. Ni da kaina na zaɓi ɗakinsa na kwano, saboda shi ne mai makulli.

Da na dawo sai na tarar tayar baya ta fashe. Bawa ya rantse bai hau ba, wai da azahar suka ji ƙara kamar bindiga. Ni dai ban taɓa jin keke ya fashe a tsaye ba. Zuciyata na ce min buhunan albasa ya ɗora masa zuwa kasuwar Boɗinga. Na faɗa masa haka a gaban ƙannensa, yanzu ko gaisuwa sama-sama muke yi. Wallahi ina kewarsa, amma na tsani a raina min hankali.

Mai Damuwa, Dingyaɗi

Ɗan'uwa, Allah Ya ƙara wa Inna lafiya.

Ban ga laifinka ba da ranka ya ɓaci, keke ƙafar manomi ne. Sai dai maganar Bawa tana kama hankali. Iska kumbura take yi idan ta ji zafi. Ka cika taya tam, ka kulle ta a ƙarƙashin kwano a tsakiyar bazarar Sakkwato, in tsohuwa ce ko ta sha faci, ba ta buƙatar mahayi kafin ta fashe. Albasarka ma inuwa kake nema mata mai shan iska.

Ba zan rantse maka bai hau ba, ba na wurin. Amma kai ma ba ka gani ba, shi kuwa ya rantse, ga zafi da zai iya wannan aiki.

Nan gaba ka rage iskar kaɗan, ka rataye keken a ɗakin ƙasa. Yanzu kuwa ka je ka ba shi haƙuri, kuma a gaban ƙannen nan nasa, tunda a gabansu ka kunyata shi. Kada ka jira ya fara zuwa.

Allah Ya daidaita tsakaninku.

Uwani