Kwalbar da Baba ya kai majami'a

Madarumfa, bayan kaka

Zuwa ga ƙanena Yoshiya,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu, tare da fatan wannan takarda ta same ka lafiya. Allah ya tsare ka daga sanyin Faransa da kake ta yi mana kuka a kai, ya sa albarka a aikin hannunka. Mu nan sai godiya. Gero ya yi kyau bana, wake ne dai tsutsa ta taɓa. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa bakin tabki da kanta tana faɗa da masunta kan tsadar kifi. Na zaɓi rubutu maimakon kira don na san halinka, ba ka barin mutum ya kai aya.

Kwalbar da ka aiko ta hannun Ruben ɗan Kawu ta iso ba ta fashe ba. Da ma ta fashe a hanyar Yamai. Ka tuna ran da ka kira Baba kana ta zuba, cewa masu gonar inabin sun yarda a karon farko ka yi haɗin da kanka? To, Baba ya haddace bayanin nan kaf. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya zaunar da shi ya gaya masa jan inabi iri uku ne a ciki, ɗaya mai ƙarfi da bauri, ɗaya mai taushi a harshe, ɗaya kuma don ƙamshi. Kowanne a matse shi dabam, a bar shi ya tsimu dabam cikin gangar itace har shekara ta zagayo, sannan mai haɗi ya bi su yana shinshinawa, yana ɗanɗanawa yana tofarwa, har ya gane abin da zai ɗiba daga kowace ganga. Wurin tofarwar nan yakan maimaita, don a san ɗansa ba sha yake yi ba. Malam Alhassan maƙwabcinmu ma, da carbinsa a hannu, ya saurara har ƙarshe ya ce ashe kamar haɗin turare ne.

Ka san al'adar Baba tun muna yara: farkon duk abin da gidanmu ya samu, majami'a yake fara zuwa. Damin gero na fari, ɗan akuya na fari, har karkatacciyar rigar da na fara ɗinkawa a keke. Ran Lahadin godiyar kaka ya naɗe kwalbarka a zanen Inna. Kada ka ce ruɗewa ya yi, ya san sarai giya ce. Inna ta hana, ni ma na hana har da kuka, ya ce nunan farin hannun ɗansa ne, shi kuwa bai taɓa ɓoye wa Ubangiji nunan fari ba. Ya taka har gaba, ya kwance zanen, ya ajiye ta tsakanin dammunan gero da buhun gyaɗa. Matan zumunta suna tsakiyar waƙa, sai na ji muryoyi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Dattawan ikilisiya suka zauna ban da shi, shi da ya girme su duka a kujerar dattawa. Sun sa shi horo. Zai zauna a bencin baya, ba zai ci Jibin Ubangiji ba, sai ran da ya tsiyaye kwalbar a gaban jama'a ya kuma faɗi da bakinsa cewa aikinka ba aikin mai bi ba ne. Na so in ji haushinsu, Yoshiya, amma ya ƙi zama. Ka san gidajen da giya ta rushe a nan, ka kuma san yadda ake zuba mana ido a garin nan, mu masu bi 'yan kaɗan. Na je wurin Fasto, ya karɓe ni da mutunci, ya ce shi ma abin yana cin sa amma ba shi kaɗai ya yanke ba. Na dawo na durƙusa gaban Baba. Ya ce in tsiyayewa ce kawai, gobe ma ya yi, abin da ya riga ya ba Allah ai ba nasa ba ne. Kalmar ce ba zai faɗa ba.

Lahadin da ta wuce aka yi Jibi. Shekara da shekaru Baba ne yake jiƙa soɓorodon da ake zubawa a ƙoƙon, wannan karo wani ya jiƙa. Sule, wanda Baba ya koya wa karatun baftisma, shi ya ɗauko faranti. Da ya iso bencin baya ya tsaya kamar an dasa shi, kansa a ƙasa, sannan ya wuce. Baba bai ɗago ba. Inna ta ƙi karɓar nata, muka dawo gida.

Ban san abin da zan roƙe ka ba. In na ce ka bar aikin, na san wahalar da ka sha kafin ka kai nan, Baba kuma ba zai yafe mini ba. In na ce ka ci gaba, tsohon nan zai ƙare kwanansa a bencin baya. Ya hana a gaya maka, ni ce na kasa riƙewa. Dattawa sun maido masa kwalbar, ya kwantar da ita cikin jiƙaƙƙen rairayi a gindin randa, don Ruben ya ce ba ta son zafi. Jiya ya ce in ka kira in tambaye ka, kamar da wasa, shekara nawa irin wannan haɗin yake jurewa kafin ya lalace. Na ce me zai yi da sanin. Ya ce so yake ya ga wa zai riga wani gajiya, shi ko ita.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka. Goggo Ɗelu da Hasana da Ruben duk suna gaisuwa, haka Malam Alhassan. Baba bai aiko da gaisuwa ba don bai san ina rubutun nan ba. Ka sa mu a addu'a, Ubangiji ya riƙe ka.

Ni ce yayarka,
Dinatu