Na Yi Wa 'Yar Ƙawata Kara, 'Yata Ta Rasa Gurbin Jami'a

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku 'yan uwa masu karantawa. Ina fatan kowa yana lafiya. Don girman Allah a sakaya sunana, don mu Hausawan Kuala Lumpur ba mu da yawa, ko tari mutum ya yi a Sentul sai an ji a Titiwangsa. Sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Kuma ina roƙonku, kafin ku fara yi min faɗa ku karanta har ƙarshe, don faɗan da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni 'yar Kano ce. Mun zo ƙasar nan maigidana yana karatun digiri na uku, da ya gama aka riƙe shi yana koyarwa a wata jami'a da ke Jalan Semarak. 'Yata ta fari tana 'yar ƙarama muka zo da ita, yanzu ga shi tana gama sakandare. To ni a gidanmu an tashe mu da kunyar ɗan fari. Ba na faɗin sunanta, ba na yabonta a gaban mutane, ko matan nan Maman Sadik suke ce min, da sunan ƙaninta, don ni na roƙe su. In zan kira ta sai in ce "ke". Haka mahaifiyata ta yi wa yayanmu har ta koma ga Allah, kuma duk gidan mun san shi ta fi ji da shi. Amma yarinyar da ta tashi a nan, wadda in ka yi mata Hausa ta amsa maka da Turanci ko Malayanci, ina za ta gane wannan? Tana ganin iyayen ƙawayenta suna rungume su a ƙofar makaranta, ni kuwa sai dai in miƙa mata lema in ce ta yi sauri kar ruwa ya sauko.

Da lokacin neman jami'a ya zo, Abbansu ya ce shi ba shi da sarari, ɗalibai sun yi masa yawa, in riƙa raka ta muna zagaya makarantun ranar da suke buɗe wa baƙi ƙofa. Ƙawata Maman Hanan kuma ta haihu ba ta daɗe ba, ba ta fita, sai ta ce don Allah in haɗa da Hanan, tunda ajinsu ɗaya da tawa. Na ce ai ba sai kin roƙa ba. Haka muka riƙa fita mu uku, mu canza jirgin ƙasa a Titiwangsa, wani wurin mu ƙarasa da bas.

Wallahi yawon nan ya gajiyar da ni. Mun fara da jami'ar da Abbansu yake, ni dai ita ta kwanta min: kusa da gida, masallaci a tsakar makaranta, ta je ta dawo ta kwana a ɗakinta. 'Yar tawa kuwa ta zagaya tana yatsina, wai duk injina ne da siminti, ko bishiyar kirki babu. Muka je wata mai zaman kanta, a cikin dogon bene, ƙasanta duk kantuna. Hanan kamar ta kwana a can, tana ta ɗaukar hoto, wai ɗakin kwamfutarsu ya yi. Ni kuwa na tambayi wurin sallar mata aka nuna min wani lungu kusa da inda ake ajiye motoci, na ce a raina ba da 'yata ba. Muka je wata da ɗakunan kwanan 'yan mata suke can bayan wani tudu, birai suna yawo a kan baranda kamar su suka biya kuɗin ɗaki. Kowace makaranta ni abin da nake dubawa daban, su daban. Ni ina tambayar ƙarfe nawa ake rufe ƙofar ɗakunan kwana da irin abincin da ake dafawa, ita tana jan hijabina tana cewa, "Umma, don Allah ki bari, kina ba ni kunya." In mun gaji mu zauna a mamak, shagunan abincin Indiyawan nan, su yi ta gardama a kan wacce ta fi, ni ina murza ƙafa.

Sai ranar da muka je wata jami'a a wajen gari, mai gonaki da ɗakunan gilashi da ake rainon tsirrai. A nan na ga 'yar tawa ta zama wata daban. Dama tun tana ƙarama take da jarabar shuka. Irin yakuwa da rama da aka kawo min daga gida, ita ta shuka su a bokitai a barandarmu ta Sentul, can saman bene, har suka yi, har matan unguwa suna aiko yara a tsinko musu na miya. Ranar ta manne wa wata Farfesa 'yar Malay, dattijuwa mai fara'a, tana ta jero mata tambayoyi da yarensu, matar tana dariya tana amsawa. Har hoton bokitanta ta nuna mata a waya. Hanan kuwa tana tsaye a inuwa tana fifita da takarda, don ita zafin wurin ya dame ta. A nan muka ji cewa sashen yana ɗaukar 'yan sakandare kaɗan su yi aikin hutu a gonar gwaji, wanda ya yi kuma ana ba shi gurbin shekarar share fage da tallafi. Na 'yan ƙasar waje guda ɗaya ne ya rage. Mu kuma in ba da tallafin ba, makarantar nan ta fi ƙarfinmu.

Da aka tafi da yaran kallon wani ɗakin, Farfesar ta ja ni gefe ta ba ni kujera. Ta ce da Turanci, "Duka biyun 'ya'yanki ne?" Na ce ɗaya tawa, ɗaya ta ƙawata. Ta ce, "Ke kika fi sanin su. Aikin nan yana son mai haƙuri, wadda ba za ta gudu ba in ta gaji. Ki faɗa min gaskiya, wacce ce a cikinsu?"

Jama'a, me Bahaushiya za ta ce? A ba ki amanar 'yar mutane, uwarta tana gida da jariri, a tambaye ki tsakaninta da taki, taki ma ta fari, ki buɗe baki ki ce tawa? Ban ma yi tunani ba, bakina ne ya tafi da kansa. Na yi 'yar dariya na ce, "Tawa? Ai wasa da ƙasa kawai take yi, ta cika min baranda da datti. Ba ta da natsuwa, yau ta ce wannan gobe ta ce wancan. Hanan dai ita ce mai hankali, duk abin da ta sa a gaba sai ta gama." Da guntun Turancina na faɗa, kuma ina faɗa ina jiran ta yi abin da kowace mace a Kano za ta yi, ta ce haba dai, ai mun ga ƙoƙarinta, ku dai iyaye ba kwa yabo. A gida ai haka ake yi. Ki kushe taki, a ɗaga miki ita. Da Maman Hanan tana wurin da ita za ta karɓe zancen ta ce ƙarya nake, tawa ce gwanar. Amma Farfesar sai ta daina murmushi, ta dafa hannuna ta ce, "Na gode. Iyaye kaɗan ne suke faɗin gaskiya a kan 'ya'yansu."

A nan na gane ta ɗauki maganata da gaske. To me ya hana ni gyarawa a take? Wannan tambayar ce take cina har yau. Kunya ce ta riƙe ni. Na ga in na juya na ce a'a wasa nake, tawa ta fi, na zama mai magana biyu, kuma ga yaran sun dawo. Na ce a raina ai ta ga yarinyar da idonta, ba za ta ɗauki zancena ba. A bas ɗin dawowa 'yata ko zama ta kasa yi da kyau, tana ta cewa, "Umma, kin ga yadda take amsa min? Nan zan yi, na gama zaɓe." Ni na juya fuska ina kallon taga na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Duka biyun suka nema. Hanan ma don tawa ta matsa mata ne, wai ko za a ƙara gurbi su zauna ɗaki ɗaya. Aka kira Hanan. Tawa aka aiko mata da ban haƙuri.

Da na je yi wa Maman Hanan murna, ta riƙe ni har da hawayenta. Ta ce ranar da Baban Hanan ya kai Hanan makarantar, Farfesar ta gaya masa cewa ta yi ta wasi-wasi tsakanin yaran biyu, shaidar da uwar ɗayar ta bayar da bakinta ce ta raba gardama. Ta ce, "Maman Sadik, ke 'yar halak ce. A zamanin nan wa zai yi wa wani irin wannan kara?" Na ce haba, ai duk ɗaya ne, Hanan ma 'yata ce. Na roƙe ta ta bar zancen tsakaninmu, ta ɗauka tawali'u ne. Abin da ya fi ƙona min rai, Hanan ba son aikin take ba. Ranar nan a gabana take cewa ita rana ce take kashe ta a gonar, tana dai lallaɓawa ne saboda tallafin, in ta shiga za ta nemi a mayar da ita sashen kwamfuta. Na ji kamar in kama ta in girgiza. Amma laifinta ne? Ita ta ce in yabe ta?

Abbansu bai san komai ba. Shi dai ya ce rabo ne, ta zo ta yi injiniya a inda yake, ko in ba ta so a mayar da ita Kano wurin ƙanwarsa ta yi jami'a a can. Yana faɗa yana danna kwamfutarsa. Sau nawa na buɗe baki zan gaya masa na fasa? Na san abin da zai ce. Shi dama ya sha gaya min in rage wannan kunyar, wai mun bar ƙauye tun tuni, yarinya tana bukatar ta ji uwarta ta ce ta yi ƙoƙari. Ni kuma in ce masa ai ta sani. Ashe ba lallai ta sani ba.

Ita kuwa yarinyar, kanta ta ɗora wa laifin. Wai surutu ta cika ranar, wai ta yi wa Farfesa tambayoyi kamar mara tarbiyya, wai da ta yi shiru irin na Hanan da ita aka ɗauka. Mun je wasu makarantun biyu bayan nan, ko tambaya ɗaya ba ta yi ba. Tana bin mai zagayawa da mu a baya, in na ce ya kika gani sai ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Boleh lah," wato ba laifi, duk wadda aka ce. Yarinyar da da sai na ce ta yi min shiru kaina yana ciwo. Ni ce fa na yi mata wannan, da bakina, ina dariya. Wani lokacin haushin Farfesar nake ji, in ce wace irin mace ce da ba ta san uwa ba ta yabon ɗanta? Sai kuma in tuna matar nan gaskiya ta roƙe ni, a ƙasarta, a ofishinta. Ni ce na shekara goma sha a garin mutane ban koyi cewa ba kowa ne yake jin magana irin yadda muke jinta ba.

Na yi tunanin in koma ni kaɗai in warware mata. To in ta yarda fa? A karɓe daga hannun Hanan a ba tawa? Da wane ido zan kalli Maman Hanan, wadda ta raba wa mata alawa don murna? Duk Hausawan garin nan sai sun ji cewa na ba 'yar mutane abu na dawo na ƙwace. In kuma ba ta yarda ba, na tashi a maƙaryaciya, uwar da aka hana 'yarta ta dawo tana canza magana.

Ina cikin wannan ne shekaranjiya yarinyar ta same ni a kicin ina yanka albasa. Ta ce ta yi wa Farfesar saƙo, ta roƙi ta ba ta lokaci ta zo ta ji inda ta gaza, don ta gyara ta sake nema baɗi. Matar ta amince, ta ce ta zo mako mai zuwa. Na ce to, Allah ya taimaka, ban ɗago ba. Sai ta matso, da Hausarta ta ce min, ita da ba ta cika yi min Hausa ba, "Umma, ki raka ni. Ke kika ga ƙoƙarin da na yi ranar. Na san ba kya son faɗa, amma ko sau ɗaya ne ki gaya mata ina iyawa. Ke za ta yarda da maganarki."

Na ce mata to. Wallahi to na ce.

Yanzu in na raka ta, matar nan za ta kalle ni ta tuna abin da na faɗa, wataƙila ma ta maimaita shi a gabanta. In na ƙi zuwa, ta tafi ita kaɗai ta jiyo daga bakin wata. In kuma na zaunar da ita na gaya mata kafin ranar, ta yaya zan fahimtar da yarinyar da ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba cewa kushen nan ba ƙiyayya ba ce? Iyaye mata da ke shafin nan, musamman ku da kuke rainon 'ya'ya a ƙasar waje, ku taimake ni kafin mako mai zuwa. Me zan yi?