Allon da Kika Hana a Jefar

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na zo maki da labari, na kuma zo ba ki haƙuri.

Kin tuna shekarar da sanƙarau ya kwantar da ni, ina 'yar shekara tara. Na tashi, amma kunnuwana ba su tashi ba. Sati biyu da komawata lakwal, makarantarmu ta boko, mushe malaminmu ya riƙo hannuna har ƙofar gida. Ban ji abin da ya ce maki ba, na dai ga fuskarki.

Ranar kika rataye allona na lakwal saman randa, kika kama haɓata don in kalli bakinki, kika ce, "Za ki koma."

Wallahi Inna, na tsani maganar nan. Wata rana ina budurwa, na fizgo allon na wurga shi bayan katanga. Kika bar tuyar ƙuliƙuli, kika fita kika ɗauko, kika goge da bakin zane, kika mayar. Ko harara ba ki yi mini ba. Abin nan yana cina har yau.

Ke da ko baƙi ɗaya ba ki sani ba, ke kika ƙago mana magana da hannu. Rake, cizon yatsa. Mushe kuwa, ki shafa tumbi! Maƙwabta suna ta dariya wai ke ma kin zama bebiya. In na yi rubutu a allon, ko ba ki san me na rubuta ba, sai ki dangwala mini yatsa a goshi sau biyu, wato "kin iya."

To bara wata malamar jami'a, Malama Rakiya, ta zo daga Damagaram da ɗalibanta. Sun bi garuruwan Dawce da Icirnawa suna neman yara kurame da ke zaune gida, suna kuma tattara irin alamun hannu da ake yi a gidaje. Aka nuna masu gidanmu. Kin san halina, na ɗaure fuska, a raina na ce masu takarda da biro ne, su tambaya su tafi.

Ashe za su dawo. Sau huɗu, Inna! A na huɗun suka tafi da ni jami'ar, suka tsayar da ni gaban masu shirin zama malamai. Sai ga manyan samari da 'yan mata suna cizon yatsa suna shafa tumbi, suna koyon hannunki. Dariya ta zo mini, kuka ya riga ta.

Yanzu lakwal ɗinmu ta nan Matameye ta karɓi yara kurame, ni ce ke tsayawa kusa da mushe ina mayar masu da darasi da hannu. Ranar farko na ciro allon daga saman randa, na shiga da shi ta ƙofar da aka fito da ni.

Akwai wata Salamatu, 'yar garin Ɗan Barto, da ta laɓe can baya ba ta kallon kowa. Na jawo ta gaba na miƙa mata allon. Sati uku muna fama. Jiya ta rubuta sunanta, a karkace, amma duk ya fito. Na dangwala mata yatsa a goshi sau biyu. Ba wanda ya fassara mata, ta gane.

Ki yafe mini wurgin nan, Inna. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa mu inda zan sake jin muryarki.

Na koma, Inna.

Taki har kullum,
Zuwaira