Ranar da Ja Ta Maƙale da Inna a Bakin Get

Zuwa ga Autanmu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka. Allah ya ƙara buɗi, ya tsare ku a inda kuke. Mu nan mun gode Allah. Maigidana yana kan hanya da kaya, sai ƙarshen wata. Yara suna makaranta, kasuwar kwanuka kuma tana nan yadda ka santa, a taya a tafi, a dawo a sake tayawa.

Kafin komai dole in yaba maka, don ka fitar da gidanmu kunya. Motocin nan uku da ka turo, Ja da Rawaya da Baƙa, sun mai da garejin Baba wurin kallo. An sa tayil, an sa na'urar sanyi, abin da ɗakin Inna bai taɓa gani ba. Duk Asabar ina tayar da su kamar yadda ka ce, su yi gurnani minti goma, kajin maƙwabta su watse, in kashe in rufe su da mayafinsu. Karatun da kake yi mini a waya ma ya zauna. Na san Ja tana da ƙarfin doki ɗari bakwai, Rawaya ta fi ta iya shan kwana, Baƙa kuwa 'yan kaɗan aka ƙera a duniya. Ranar nan har na ba wani mai sayen faranti wannan labari, ya ce in dai rage masa a farantin.

To ga abin da ya sa na zauna rubutu. Ka san likita ya mai da wankin ƙodar Inna sau biyu a mako, Litinin da Alhamis, ƙarfe takwas na safe. Ka kuma san tsohuwar motar Baba da nake kai ta da ita ka ba makanike kyauta, wai tana ɗiga baƙin mai a kan tayil. Ka ce babbar mota tana tafe saboda Inna. Jirgin ruwa ya zo da mota sau uku, Auta, kuma ko ɗaya ba ta da kujerar baya. Tun lokacin da ɗan tasi muke lallaɓawa, shi kuma in an yi ruwa ba ya shigowa layinmu.

Litinin da ta wuce an yi ruwan. Na kira shi har wayata ta yi zafi. Ƙafafun Inna sun kumbura, numfashinta yana fita da ƙyar, ba ta zaunuwa a babur. Sai na ɗauko makullin Ja. Ni da matar mai walda na kusa da mu muka naɗe Inna muka zura ta ciki kamar ana sa wasiƙa a ambulan, don kujerar kusan a ƙasa take. Na tayar, na taho a hankali, sai ga tudun simintin nan da Baba ya yi a bakin get don hana ruwa shiga gida. Cikin motar ya hau kansa ya zauna daram. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Dawakai ɗari bakwai suna ta haniniya, ba wanda ya ɗaga ƙafa.

Na ce to mu fita. Ka manta ka koya mini cewa ƙofofinta sama suke ɗagawa kamar fukafuki, mu kuma muna daidai ƙarƙashin ƙarfen get. Ƙofa ta ɗaga taƙi ɗaya ta daki ƙarfe. Muka zauna a ciki ni da Inna, unguwa ta taru, wasu har da ɗaukar hoto. Mai walda ya kawo injinsa ya tambaye ni ta taga wanne zai yanka, ƙofar motar ko saman get. Motar minti biyar, get kuma sai ya kai awa. Na buɗe baki zan ce motar, Inna ta riƙe mini hannu, da wannan numfashin nata, ta ce, "A yanke get ɗin. Kar a ƙwarzane wa yaron nan abinsa."

Sai sha ɗaya muka isa asibiti, a bayan motar mai kai biredi. An riga an ɗora wani a kan na'urar. Na yi roƙon da ban taɓa yi wa dillali ba kafin su sa ta da yamma. Likita ya ja ni gefe ya ce wannan ne karo na biyu da ta makara, mutane suna layi suna jiran gurbin, in ta sake makara za a ba wani. Damina kuma yanzu ta fara. Inna ta ce kada in gaya maka, wai hankalinka zai tashi. Ni kuwa tashinsa nake nema.

Ba kuɗi nake roƙonka ba. Akwai mai sayar da motoci da ya ce zai karɓi ɗaya ya ba mu doguwar mota mai ƙofa huɗu, wadda ke buɗewa gefe kamar ta mutane, ya kuma cika maka sauran. Ya ce ba zai taɓa ta ba sai da takardunta da sa hannunka, su kuma suna wurinka. Na tuna ka ce ba a raba su, don sai suna tare ake gane bambancinsu. Na ji. Zaɓi wadda ka fi iya rabuwa da ita, ka turo takardun cikin makon nan. Don Allah, Auta. Ban taɓa haɗa ka da Allah a kan komai ba sai yau.

Ka gaishe mini da amaryarmu da 'yan biyu. Gwaggo da Kawu suna gaishe ka, Inna kuma tana sa maka albarka safe da yamma. Ja tana lafiya, 'yar ƙujewa ce kawai a cikinta, na san za ka so ka sani.

Ni ce yayarka, mai kwanuka.

Na manta. Tunda kai ne gwanin jera su daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, amana huɗu ka bar mini a gidan nan. Inna ta nawa ce?