Firijin da Bai Taɓa Isowa Asibitinmu Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamiti Mai Zaman Kansa na Binciken Kuɗin Hukumomi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma, ranka ya daɗe, ina yi maka barka da aiki.

Sunana Hassana, malamar asibiti ce ni a wani ƙauye gaba da Kambaza, a ƙasar Gwandu. Na zaɓi in rubuto a fili ne saboda a fili aka ɓata mini suna.

Na farko, abin da ya same ni. Mun daɗe muna roƙon firiji mai aiki da hasken rana don ajiye allurar rigakafi, domin duk ranar awo sai na hau babur na ɗauko ta daga gari cikin kula mai ƙanƙara. Bara da damina sai ga takarda daga hukumar da ke samanmu, wai an kawo mana firijin, na sa hannu na karɓa, an zo dubawa ba a gan shi ba. Aka dakatar da ni. Ranka ya daɗe, ko kwalinsa ban taɓa gani ba. Na yi ta zirga-zirga ofis, kullum a nuna mini takarda ɗaya a ce ga hannuna nan. Matan da na karɓi haihuwarsu suka fara sauya hanya idan sun hango ni. Maigidana ya daina zama majalisa bayan la'asar. Mahaifina, tsoho mai makanta, ya kira ni ɗaki ya ce in faɗa masa gaskiya tsakanina da Allah. Wannan tambayar ta fi dakatarwar yi mini ciwo.

Na biyu, abin da ma'aikatanka suka yi. Bayan girbi, Madam Rifkatu, 'yar kudancin jihar nan, ta zo ƙauyenmu ba tare da sanarwa ba. Ba ta tsaya a takarda ba. Ta sa aka ɗora tsani, aka ga ba a taɓa huda kwanon rufin asibitin ba, balle a kafa sola. Ta auna ƙofar ɗakin magani, ashe firijin da ke rubuce ya fi ƙofar faɗi. Sannan ta gano cewa ranar da aka ce na sa hannu ina Kalgo wajen bita, ga sunana a rajista. Ta dube ni ta ce, “Malama, kwantar da hankalinki, wannan ba hannunki ba ne.” Na zauna a kan bencin masu awo na yi ta kuka, ban ji kunyar kowa ba. Mahaifina da ya ji, ya daɗe yana shafa kaina. An mayar da ni aiki, alhamdulillahi, kuma na koma cin abinci yadda ya kamata.

Na uku, roƙona. A ba ni takardar wanke suna wadda mai gari zai karanta wa jama'a. A fassara rahotonku da Hausa a karanta a rediyo, domin masu kaya su san inda kayansu ya maƙale. A nemo wanda ya kwaikwayi sa hannuna, kuma a kawo wa yaranmu firijinsu. Don Allah kada a mayar da ma'aikatanku ƙarƙashin waɗanda suke bincika.

Akwai kuma abokin aikina, Malam Bala, a wajen Dangoma. Irin takardata aka kai masa, shi a kan injin ruwa. Har yau yana gida, ya rame, ba ya son fita kasuwa. Ya ce in gaya maka ko yaushe kuka zo za ku same shi.

Allah ya tsare ka da ma'aikatanka a hanya, ya kare ku daga masu neman toshe muku baki, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam.

Taka,
Hassana