Usta da Injin Tsakiya

Asabar, 9 ga Janairu, 2021

Sabon littafi. Takardarsa ta fi ta wancan laushi, ba ta ƙara idan alƙalami ya bi ta kanta.

Na gyara injin ban ruwa na gonar albasar maƙwabcinmu. Tun daga bakin hanya na ji boris ne, yana wani kuka siriri a ƙarƙashin rugugin injin. Mai gonar ya ce shi bai ji komai ba. Mutane ba sa ji, ban san yadda suke yi ba. Na dawo kafin azahar, na ci kisra, waina mai falle-falle ta garin dawa, da miyar kuɓewa. Rana mai kyau.

Litinin, 11 ga Janairu

Muntari tela ya gama sababbin kayana. Arragi biyu, irin rigar da maza ke sawa zuwa gona, mai sauka ƙasan gwiwa, da wando biyu. Farar auduga zalla, ɗinkin duka ta waje kamar yadda na ce. Ya daina tambayata dalili tun shekara uku da suka wuce.

Haboba ta wanke su sau uku don su mutu. Ita ce uwar Baba, ita ta raine ni tun rasuwar Inna, kuma ita ta fara gane cewa ba taurin kai ke sa ni ihu idan an yafa mini tob, dogon lulluɓin matan nan, ba. Tob ɗin mata yana zamewa, dole hannu ɗaya ya zauna yana gadinsa, kuma yadin kasuwa ƙaiƙayi yake kamar ƙaiƙayin gero. Kitso kuwa, na ƙarshe ina shekara sha huɗu. Kamar wani yana jan kowane gashi, bai sakewa, har kwana bakwai. Baba ya ɗauko almakashi. Tun ranar farin ƙyalle nake naɗawa a kai.

Mata sun yi ta magana a lokacin. Haboba ta ce musu, "Kai a rufe, jiki a rufe. Mi ya rage?" Wata likita a birnin Madani daga baya ta ba abin suna, ta ce tawahhud ne da Larabci, abin da Turawa ke kira autism. Haboba ta ce ita tun da can ta san sunansa, Raihana.

Alhamis, 14 ga Janairu

Inji uku! Bari in rubuta a jere.

Wani mutum ya zo da hantsi, sunansa Alamin. Shi ne sabon wakilin gonakin alkama na bakin kogi, wanda manoma suka ɗauko daga garin Makwar. Injinsu na tsakiya yana mutuwa kullum, aka ce masa ya je gidan Almu, wato Baba, ya nemi Usta. Haka kowa ke kirana, sunan da ake ba duk gwanin gyara. Ina son sunan. Bai da wando bai da zane.

Ya same ni a ƙofar gida ina wanke sufana. Bahaushe ne amma Larabci ya fi zama a bakinsa. Ya ce, "Ya walad, ina Usta?" Na ce, "Ana." Da Larabci "ya walad" kai yaro ke nan, "ana" kuwa "ni", namiji ko mace. Da da Hausa ya tambaya, da na ce "ni ce," da zance ya ƙare a nan.

Iska ce ta shiga bututun mai, matacin kuma ya cika da laka. Awa ɗaya. Da injin ya tashi ya tsaya yana kallona, ya ce ko zan riƙe musu duka ukun har girbi. Gida arba'in ke shan ruwansu. Na ce eh tun bai rufe baki ba.

Jumma'a, 15 ga Janairu

Baba ya ce dole in gaya wa Alamin ni mace ce.

Na ce bai tambaya ba.

"Raihana, akwai abin da ake faɗi ko ba a tambaya ba."

Na ce ya lissafa mini su in rubuta. Haboba ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Baba bai yi ba. Mun tsaya a kan cewa in ya tambaya zan faɗa, ai ba na ƙarya.

Na yi ta tunani bayan sallar Jumma'a, da gari ya yi tsit. Ba na jin ni namiji ne. Amma in aka ce yaya ake jin mace, nan ma ban sani ba. Na san yadda ake jin yunwa, da zafi, da ɗinkin da ke cizon wuya. In na duba madubi mutum nake gani wanda babu abin da ke cizonsa. Ya ishe ni.

Laraba, 20 ga Janairu

Na tsakiya yana son a ba shi minti biyar shi kaɗai kafin a ɗora masa ruwa. Mun fahimci juna.

Lahadi, 24 ga Janairu

Ya faru.

La'asar ta yi, manoma suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin gawo. Yawancinsu sun san ni tun ina goye, kwana goma suna jin Alamin yana ce mini "ya walad" babu wanda ya tanka. Yau sai ya ɗaga murya da Hausa: "Usta, taho ka cika sahu."

Na ce, "Ni mace ce, Baffa. Tawa a bayan ɗakin inji nake yi."

Sai wani a ƙarshen sahu ya fashe da dariya, wasu biyu suka taya shi. Fuskar Alamin ta yi wani abu, ban iya karanta shi ba. Bayan sallama ya zo ya tsaya nesa da ni.

"Gobe ki huta." Ya ce "ki".

Na ce ban gaji ba.

"Ki huta har in aiko."

Litinin, 25 ga Janairu

Ban fita ba. Daga tsakar gida ina jin injunan. An ɗora wa na tsakiya ruwa tun bai ɗumama ba. Na shiga ɗakin hatsi na zauna tsakanin buhunan dawa ina kaɗa jiki har abin ya sauka. Haboba ta ajiye mini shayi a bakin ƙofa.

Laraba, 27 ga Janairu

Baba ya je ya sami Alamin. Wai ba aikina ne bai yi ba. Wai an mai da shi abin dariya kwana goma, kuma bai ga yadda mace za ta wuni bakin kogi cikin maza da kayan maza ba. Ya ɗauko wani makanike daga Makwar.

Baba ya ce, "Kunya ce ta kama shi, ba ƙiyayya ba."

Na ce to alkama fa? Ta fara fitar da kai. In ta rasa ruwa mako ɗaya yanzu, ƙwayar shanyewa za ta yi. Alkama ba ta san kunya ba.

Baba ya ce ya yi masa bayanin halina, har sunan da likita ta faɗa. Ban so ba. Amma ya riga ya faɗa.

Asabar, 30 ga Janairu

Baƙi. Ba na son baƙin da ba su aiko ba, amma zan rubuta wannan duka.

Wata mata ta yi sallama da hantsi riƙe da yarinya. Ta ce ita ce Muhsina, matar Alamin, gidansu yana ƙauyen da ke ƙetaren babbar tura'a, magudanar da ke kai ruwa gonaki. Yarinyar Hanaa, shekara takwas. Wuyan rigarta a yage, rabin kitsonta a warware, fatar kai duk ƙuraje inda ta sosa. Ba ta gaida kowa ba. Ta wuce kai tsaye zuwa tsohon fanka da na kwance a gindin bango, ta tsuguna tana juya shi da yatsa.

Muhsina ta ce mijinta ya dawo yana ba da labarina cikin fushi, sai ta tsinci kalma ɗaya a ciki. Ita ce kalmar da likita ya faɗa musu bara a kan Hanaa. Ta ce tun ranar ba ta yi barcin kirki ba, ba ta taɓa ganin babban mutum mai irin wannan ba, ba ta san me 'yarta za ta zama ba.

Ta ce, "Riga biyar ta yaga cikin wata ɗaya. Na doke ta, Allah Ya yafe mini. Me ya sa kike sa irin waɗannan kayan?"

Wannan tambaya ce mai amsa, na ji daɗinta. Na ce ta cire wa yarinyar rigar ta ba ni. Na nuna mata takardar da ke bayan wuya, da zaren roba a hammata, da duwatsun ado da aka manna a ƙirji, kowanne da ƙusarsa ta ciki. Na ce ta goga a kumatunta. Ta goga. Na ce ta ɗauka an ninka shi sau goma kuma ba a cirewa sai dare. Na yanke takardar, na juya rigar ciki ya koma waje, aka mayar mata. Hanaa ta tsaya cak. Ta ɗaga kafaɗa, ta sauke. Ta koma wurin fankanta.

Muhsina ta fara kuka. Ban san abin da ake yi ba, sai na kira Haboba, ta zo da jabana, butar gahawa, da kofuna.

Can ta tambaye ni a hankali, "Ke kina jin kamar namiji ce ke?"

Na ce a'a. Ina jin kamar ni.

"Kuma ba ki damu ba in sun ɗauke ki namiji?"

Na ce kuskurensu ne, ba ya mini ciwo. Kitso ne ke ciwo.

Da za su tafi Hanaa ta kama hannun rigata ta murza tsakanin yatsu biyu. Ba na son a taɓa ni. Na ƙirga har ashirin ta saki.

Litinin, 1 ga Fabrairu

Na tsakiya ya yi shiru tun ƙarfe goma.

Talata, 2 ga Fabrairu

Alamin ya zo da kansa. Ya tsaya a zaure yana magana da Baba, idonsa a kan bango. Ni ma bango nake kallo in ana magana, sai abin ya zo mana daidai.

Makaniken Makwar ya ce sai an kwance kan injin an kai Madani, mako biyu. Manoma sun taru a ƙofar Alamin tun asuba.

Alamin ya ce, "Usta, ma'alesh, yi haƙuri. Injin ya ƙi." Sai ya ce ko zan yafa tob a kan kayana, saboda idon mutane.

Na ce tob kusa da bel ɗin inji kisa ne.

Ya ce a hanya kawai.

Sai muryar Haboba daga tsakar gida: "Alamin, ɗan nan, alkama ruwa za ta sha ko tob? Ku tahi, rana tana yi."

Baba ya sunkuyar da kai. Alamin ya yi wani sauti ta hanci, ina jin dariya ce. Na ɗauki jakata yadda nake.

Babu abin da ya sami kan injin. An ɗaure bel kamar ana ɗaure jaki, boris ya ƙone. Ina da wani a jaka. Kafin la'asar ruwa ya cika bakin bututu ya gangara, ja da laka da farko, sannan ya washe. Na bi shi da ƙafa har gonar farko don in ji yadda busasshiyar ƙasa ke tsotsa. Wanda ya yi dariya ranar nan ya kawo mini rake, ban san ko haƙuri yake bayarwa ba. Na sha.

Alhamis, 11 ga Fabrairu

Muhsina ta kawo Hanaa bakin kogi. Ta aske mata kai ranar Litinin, ta ɗaura mata ɗan ƙyalle mai laushi. Wai sun kwana biyu ba sa magana da Alamin a kan haka.

Yarinyar ta zauna a ƙofar ɗakin inji, inda na ja mata layi da sanda na ce kada ta wuce. Ba ta wuce ba. Can na ji tana gunji a maƙogwaro, daidai da muryar na tsakiya, ba sama ba ƙasa. Da na rage masa wuta ita ma ta sauko. Ashe tana ji.

Lahadi, 14 ga Fabrairu

Alamin ya tsaya kusa da ni yana kallon ruwa. Ya ce, "Kwana shida ba ta yaga komai ba." Ban san ko tambaya ce ba, na ce tamam, wato madalla. Ya ce wata tsohuwa a ƙauyensu ta tambaye shi yaushe ya samu ɗa namiji. Na ce me ya ce mata. Ya ce, "Na ce mata ɗiyata ce, zafi take ji."

Alhamis, 18 ga Fabrairu

Sun zo. Hanaa ta ce "inji", kalmar farko da na ji a bakinta. Muhsina ta sa ta maimaita sau uku, ta ƙi.

Alhamis, 25 ga Fabrairu

Sun zo. Ruwan ƙarshe Lahadi, alkama ta fara ja.

Lahadi, 28 ga Fabrairu

Na kashe injunan ɗaya bayan ɗaya, na tsakiya a ƙarshe. Na juye mai, na lulluɓe su da buhu. Alamin ya ce baɗi ma nawa ne, a gaban kowa ya faɗa. Yanzu zan huta da mutane. Babu mai zuwa, babu mai murza mini riga. Alhamdulillahi.

Jumma'a, 5 ga Maris

Jiya Alhamis. Na share tsakar gida sau biyu, Haboba tana kallona. Babu dalilin da zai sa su zo, injuna a kashe suke, na sani.

Bayan azahar na ce zan je in duba ko gadar tura'a ta gyaru. Ta gyaru. Tunda na riga na haye sai na ci gaba. Na tambayi wata mata gidan wakili, ta ce, "Miƙe nan, samari." Na miƙe.

Ban taɓa shiga gidan wani ba tare da an kira ni gyara ba. Na yi sallama na tsaya, ban tanadi abin da zan ce bayan sallamar ba. Muhsina ta fito da gari a hannu, ta shimfiɗa tabarma. Ba ta tambaye ni komai ba, Allah Ya saka mata. Hanaa ta zo ta zauna, ba kusa sosai ba. Mun zauna har inuwa ta kai bakin randa. Babu wanda ya yi magana. Gidansu akwai ƙarar kaji da yawa, amma ana iya jurewa.

Da zan tafi na ji bakina ya ce sai Alhamis. Ban shirya faɗa ba.

Saura kwana shida.